Neman edita don aikin Verilog: littafin aiki daga Maradi

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Allon FPGA, wato allo mai cip ɗin da ake tsara da'irar cikinsa da rubutu, ya iso jiya da yamma a hannun wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Kano. Tang Nano 9K ne na kamfanin Sipeed, tsawonsa bai fi ɗan yatsa da kaɗan ba. Cip ɗin da ke kansa na Gowin ne, GW1NR-9, mai ƙwayoyin lissafi 8,640, da agogo mai bugawa sau miliyan 27 a daƙiƙa, da ƴan fitilu shida a jere. Kuɗin allo da na ɗauko, jika 18.

Abin da nake son ginawa shi ne na'urar da za ta ƙirga ruwan da famfon sola ke turawa a lambun yayana da ke bakin Gulbi, ta riƙa aiko da adadin ga kwamfuta. Na san ƙaramin allon Arduino, wanda ake ɗora wa manhaja, zai yi wannan cikin yini ɗaya. Amma ni da na tsufa da gyaran rediyo da inbata, so nake in ga yadda ake ƙera da'ira da rubutu, ba da dalma ba.

Verilog da VHDL, harsunan da ake rubuta da'ira da su, ba irin harsunan da ake rubuta manhaja da su ba ne. Manhaja umarni ce, a yi wannan sannan a yi wancan. Shi wannan kuwa kamar zanen wayarin ɗin gida ne: kana faɗin wace waya ta tafi ina, kuma da an ba da wuta duka suke aiki lokaci guda. Na zaɓi Verilog don kayan aikinsa na kyauta sun fi yawa. Saura tambayar da za ta ci mini makonni: a cikin wane edita, wato manhajar rubutu, zan riƙa rubuta shi?

Sharuɗɗana ba irin waɗanda ake gani a bidiyon Turawa ba ne. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM giga 4, baturinta ya mutu murus, da kuran ya ɗauke ta bi shi. Intanet da forfe nake saye. Kibod ɗinta kuma AZERTY ne, irin na Faransa, kamar yawancin na garin nan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na fara da Notepad++ tunda yana kan injin tuntuni. Ba shi da nauyi, ya san Verilog da VHDL, yana ba kalmomi irin `module` da `always` launi. Akwai wani abu nasa da na so ƙwarai: in ka danna Alt da C yana jera maka lambobi daga sama zuwa ƙasa a ginshiƙi ɗaya, abin da mai rubuta jerin ƙafafun cip ke bukata kullum.

Sai dai wahalar yau ba ta edita ba ce, ta kibod ce. Verilog cike yake da alamomin da AZERTY ya ɓoye a bayan AltGr: bakan kusurwa a kan 5, bakan lanƙwasa a kan 4, @ a kan 0, # a kan 3, tsayayyen layi a kan 6. Layi ɗaya kamar `always @(posedge clk)` ko `reg [7:0]` sai babban yatsan dama ya gaji. Mafi muni ita ce ƴar alamar nan mai karkata baya da ake sa wa umarnin share fage, wadda ke kan 7. A tsarin Faransanci na Windows ba ta fita nan take, jira take ta ga harafin da zai biyo ta. In d ne, lafiya lau, su fito su biyu. In wasali ne sai ta hau kansa. Na rubuta umarnin `include`, allo ya nuna ìnclude. Na rubuta `endif`, ya ba ni èndif. Da ƙaramin rubutu ido ba ya kamawa, sai manhajar da ke karanta Verilog ta ƙi fayil ɗin. Maganin shi ne a bi ta da tazara kafin harafi, amma hannu bai saba ba tukuna.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Forfen dare, jika 1. Na sauko da OSS CAD Suite na YosysHQ, ƙunshi ɗaya mai ɗaruruwan mega: Yosys mai mai da rubutu da'ira, nextpnr mai shimfiɗa ta a cip, Icarus Verilog da Verilator masu gwada rubutun, GTKWave mai nuna sigina, da openFPGALoader mai ɗorawa a allo, duk suna ciki. Manhajojin Vivado da Quartus ba su shafe ni ba, na cip ɗin AMD da na Altera ne, kuma Vivado kaɗai giga gomomi ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zo shago bayan la'asar, ya leƙa allo ya yi dariya.

"Kawu, wa ke aiki da wannan yanzu? Kowa VS Code yake."

Na ce, "To ɗana, zo ka sa mu gani."

Ya zo da shi a kile, wato filashin USB, ya sa, ya ƙara masa ƙarin Verilog da ake samu a rumbunsa. Gaskiya abin ya burge ni. Ka fara rubuta suna ya ƙarasa maka. Ka riƙe Alt ka danna wurare biyar, ka yi rubutu a biyar ɗin lokaci guda. Kuma ana iya gaya masa ya kira Icarus ko Verilator duk sanda aka adana, ya ja jan layi ƙarƙashin kuskure. Ya nuna mini TerosHDL ma, wanda ke zana hoton modul, wato ɓangaren da'ira, da ƙofofinsa, amma shi sai an haɗa masa da Python.

Matsalar ita ce VS Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, a kan Electron aka gina shi, wato da burauzar Chromium a cikinsa yake tafe. Ga shi, ga burauzata ta ainihi da takardar bayanin cip a buɗe, ga Yosys yana aiki: giga 4 ba su ɗauka. Na danna harafi sai in jira shi ya bayyana. A injin yaron mai giga 16 gudu yake kamar ba komai. Ba laifin editan ba ne, tsufan injina ne. Na bar shi a kai, ban goge ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau Microsoft ya rufe tallafin Windows 10, injina kuwa ba ya cikin masu hawa 11. Dama ina neman dalili. Zan koma Debian 13, wanda ya fito a watan Agusta, da fuskar Xfce don sauƙin nauyi. Notepad++ na Windows ne, ke nan mun rabu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Debian ya zauna. Sai da na sake sauko da OSS CAD Suite na Linux, wani forfen jika 1. Abin farin ciki, a tsarin kibod na Faransanci da ke nan alamar kan 7 tana fita kai tsaye, ba ta jiran kowa. èndif ya ƙare.

Na sa Geany a madadin Notepad++. Ƴan mega kaɗan ne, yana buɗewa kafin ka ɗauke hannu, yana jera sunayen modul da wayoyi a gefen hagu. Na rubuta modul na farko: fitila ta kunna, ta mutu, kowace daƙiƙa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Wannan makon ya canja mini ma'aunin da nake auna edita da shi, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Da'irar mai sauƙi ce. Rajista, wato ma'ajiyar lamba a cikin cip, tana ƙirga bugun agogo, in ta kai miliyan 27 ta koma sifiri ta juya fitila. A gwajin kwaikwayo ba a jiran bugu miliyan 27, sai a rage iyakar zuwa 10 a fayil ɗin gwaji. Na yi haka, Icarus ya karɓa bai ce uffan ba, GTKWave ya nuna sigina tana hawa tana sauka tsaf. Yosys ya harhaɗa, nextpnr ya shimfiɗa, openFPGALoader ya ɗora a allo. Fitila ta kama, ta tsaya a kunne ƙyam, ba ƙiftawa.

Na fara zargin fayil ɗin ƙafafu. Agogo yana ƙafa ta 52, na duba, daidai. Na zargi wayar USB, na canja. Na gano cewa fitilun allon nan da sifiri suke kamawa, ba da ɗaya ba, wanda ya bayyana dalilin kunnuwarta amma bai bayyana tsayuwarta ba. Har mita na ɗauko ina auna ƙafafu, halin mai gyara. Dare biyu abin nan yana cina, ga masu inbata suna jiran kayansu da safe.

Daren Alhamis na ce bari in gwada Verilator, wanda ban taɓa ba tunda na sauko da shi. Ba kwaikwayo na sa shi ba, tsefe rubutu kawai: `verilator --lint-only -Wall`. Nan take ya fito da gargaɗin faɗi, da sunan fayil da lambar layi. Rajistar bit 24 ce. Bit 24 iyakarta 16,777,215. Ba za ta taɓa ganin miliyan 27 ba, za ta cika ta koma sifiri ta sake, har abada. Bit 25 ake bukata, mai kaiwa 33,554,431. A kwaikwayo iyakar 10 ce, shi ya sa komai ya yi kyau. Na mai da `[23:0]` zuwa `[24:0]`, na ɗora, fitila ta shiga ƙiftawa.

Ga abin da na ɗauka daga nan game da edita. Launi bai ga wannan ba. Cika suna da kansa bai ga wannan ba. Rubutun halal ne a dokar Verilog, harshen ne mai sakaci, yana yarda a gwada abu mai bit 24 da mai bit 32 ba tare da ya ɗaga murya ba. A manhaja in ka yi kuskure sau da yawa tana faɗuwa ta gaya maka wurin. A da'ira shiru za ka ji, sai fitila a tsaye. Saboda haka tambayar yanzu ba wane edita ya fi kyan gani ba ce. Tambayar ita ce wanne ne zai sa Verilator ya yi magana duk lokacin da na adana, ya kai ni kan layin da dannawa ɗaya, ba tare da ya cinye RAM ɗin da Yosys ke bukata ba.

A Geany na sa umarnin a jerin umarnin gini, na gyara masa tsarin gane saƙo don ya fahimci yadda Verilator ke rubuta fayil da layi. Yanzu in na danna gargaɗi a ƙasa yana kai ni wurin. Ya yi aiki.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mai aika UART, hanyar da allo zai tura haruffa ga kwamfuta. Bugun agogo 27,000,000 raba saurin aikawa 115,200 ya ba da 234.375, na ɗauki 234, kuskuren bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba. Harafin A ya fito a allon kwamfuta. Aikin shago ya yi yawa, ban ƙara komai ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na je gaida tsohon malaminmu na lantarki a unguwar Zariya. Ya yi ritaya, amma kwamfutarsa na nan kan tebur lulluɓe da zane saboda ƙura. Da na ba shi labari sai ya gyara zama.

"Verilog ka ɗauka? Da VHDL ka kama da wannan ƙirgen naka bai kwana biyu ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai VHDL ɗin surutu gare shi, layi uku na Verilog sai ya zama goma."

Ya ce surutun nan shi ne tsaron. Yana da hujja: VHDL daga ma'aikatar tsaron Amurka ya fito, ya zama ƙa'idar IEEE 1076 a 1987, ya gaji tsananin harshen Ada, ba ya yarda ka zuba abu mai faɗi kaza cikin mai wani faɗin sai ka faɗa da bakinka. Verilog kuwa Phil Moorby ne ya ƙirƙiro shi a wani kamfani a tsakiyar shekarun 1980, ya ɗauko kama da C, sai a 1995 ya zama ƙa'idar IEEE 1364. Ban ja da shi ba, ba a ja da Malam a gidansa.

Abin da ya kai ni rubuta wannan shi ne abin da ya nuna mini bayan an kawo shayi. Editan Emacs yake amfani da shi tun yana ɗalibi. Ya buɗe wani tsohon fayil na VHDL, ya ajiye alama a kan jerin ƙofofi, ya danna C-c C-p C-w, ya koma wani fayil ya danna C-c C-p C-i. Sai ga modul ɗin an kira shi, kowace ƙofa da wayarta, a jere. Ya sake danna wani, ga ƙashin fayil ɗin gwaji ya fito. Ya ce surutun VHDL ba shi ke rubutawa ba, vhdl-mode na Reto Zimmermann ke rubuta masa.

Na ce to ni fa mai Verilog? Ya ce naka ma na ciki, verilog-mode, na Michael McNamara da Wilson Snyder, shi Snyder ɗin nan dai mai Verilator. Ka rubuta `/*AUTOINST*/` a inda za a jera ƙofofi, ka rubuta `/*AUTOWIRE*/` a inda za a sanar da wayoyi, ka danna C-c C-a. Zai je ya karanta ƙananan modul ɗin, ya cike komai. Ka ƙara ƙofa gobe, ka sake dannawa, ya gyara. Kuma da yake alamomin sharhi ne kawai, fayil ɗin yana nan Verilog tsantsa, duk wani kayan aiki zai karanta shi.

Na dawo gida a kan kabu-kabu ina lissafin yawan wayoyin da zan haɗa da hannu in aikin lambu ya kai modul shida ko bakwai.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mako guda a Emacs. AUTOINST gaskiya ne, ba ƙari a maganar Malam. Na haɗa mai ƙirga, mai aika UART da mai mai da lamba zuwa haruffa a babban modul ɗaya, ban rubuta jerin ƙofa ko ɗaya da hannu ba. Yana kuma gane saƙon Verilator ba sai an koya masa ba, M-g n ya kai ka kuskure na gaba. RAM ɗin da yake ci bai taka kara ya karya ba.

Amma ni da shi ba mu daidaita ba. Yana da ra'ayinsa a kan inda kowane layi zai fara, da ka sa alamar rufe layi sai ya ja shi inda yake so, ya buɗe maka sabo. Ana kashe wannan, na kashe, amma kowane gyara sai ka shiga fayil ɗin saiti mai harshen Lisp, baka cikin baka. Ga yatsan ƙarshe na hagu kullum a kan Ctrl.

Ranar Laraba kuran ya ɗauke ina tsakiyar rubutu, injin ya mutu nan take. Wannan jarrabawa ce da ban shirya ba amma ta zama dole a garin nan. Emacs yana ajiye kwafi da kansa bayan dannawa 300, ko in ka yi shiru daƙiƙa 30. Da wuta ta dawo na kira `recover-this-file`, layi biyu kawai na rasa. Geany ba ya yin haka sai ka kunna masa ƙarin adanawa da ke zuwa tare da shi. Na kunna.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Tunda na ɗanɗana ɗaya daga cikin tsofaffin biyu, na ce bari in ɗanɗana ɗayan. Vim na Bram Moolenaar, wanda ya fitar a 1991 ya riƙe shi har rasuwarsa a 2023. Na taɓa ɗan koyon vi shekarun baya wajen saita na'urorin intanet, hannu bai manta duka ba.

Abin da ya kama ni shi ne `:make`. Na gaya masa Verilator ne mai aikin, na rubuta masa yadda zai karanta saƙon, layi biyu a `.vimrc`. Yanzu maɓalli ɗaya yana adanawa, ya tsefe, ya jefa ni kan gargaɗin farko, `:cn` ya kai ni na biyu. Ctrl-v yana zaɓar ginshiƙi, g da Ctrl-a suna mai da jerin sifirai 1, 2, 3, 4, abin nan da na yi kewa daga Notepad++. Shi ma yana da kariyar wuta, har ta fi matsewa: yana rubuta fayil ɗin ajiya bayan haruffa 200 ko shirun daƙiƙa 4, `vim -r` ya dawo da shi.

Sai kibod ya sake tasowa. An tsara umarnin Vim ne a kan QWERTY. A AZERTY lambobi sai da Shift, Vim kuwa da lamba ake gaya masa sau nawa. Ɗigon maimaita umarni sai da Shift. Tsalle zuwa inda aka ayyana suna Ctrl ne da bakan rufewa, wanda shi kansa sai da AltGr, yatsu uku ke nan a murɗe. Na je kasuwa na sayi kibod na USB, QWERTY, irin masu shigowa ta Najeriya, jika 4. Bakan kusurwa yanzu maɓalli ɗaya ne kusa da P. Da na san haka da shi zan fara saye kafin allon ma. Haruffan A da Q da M suna ruɗa ni in na koma na jikin injin, shi ke nan.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ɗan ƙanwata ya rubuta ɓangaren da ke tara lamba ya aika ta kowace daƙiƙa, ya kawo a kile. A injinsa, in ji shi, ba ja ko ɗaya. Muka ɗora, UART shiru.

Na buɗe a Vim na danna maɓallina. Verilator ya ce akwai wayar da aka ƙirƙira ba tare da an sanar da ita ba. A wuri ɗaya ya rubuta `fara_aika`, a wajen haɗa ƙofa ya rubuta `fara_aiko`. Verilog in ya ga baƙon suna a haɗin ƙofa ba ya tambaya, sai ya yi sabuwar waya mai bit ɗaya wadda ba kowa a ɗaya bakinta. Mai aikawa yana ta jiran umarnin da ba zai zo ba.

"Amma Kawu, VS Code bai nuna komai ba."

Muka duba saitinsa. Ƙarin yana nan, launi yana nan, amma gurbin mai tsefewa ba a zaɓi kowa ba. Ya zaɓi Verilator, jan layi ya fito a wurin. Ya yi shiru, sannan ya ce to ashe duk ɗaya ne. Na ce kusan. Mun sa `default_nettype none` da ƴar alamarsa a saman kowane fayil, wanda ke hana harshen yin waya a ɓoye.

Wani abu kuma: sharhin da nake rubutawa da Hausa ya lalace a wani fayil da ya bi ta wata tsohuwar manhaja a injin abokinsa. Duk inda ƙ take ya zama Æ™, ɗ ta zama É da dogon layi. An karanta UTF-8 da tsohon tsarin Windows na Turai ta Yamma ne. Doka daga yau: kowane fayil UTF-8, sunayen wayoyi kuma ba harafi mai ƙugiya, dama Verilog ba ya karɓarsu a suna. A Vim na ayyana ƙ, ɗ, ɓ da ƴ da lambobinsu, 409, 599, 595 da 436, ina kiransu da Ctrl-k.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hunturu ya fara, fankar injin tana kuka. Na buɗe na busa ƙura, na ga gurbin RAM na biyu fanko. Na samu giga 4 na hannu wajen masu gyara, jika 7. Yanzu giga 8.

Don adalci na sa VS Code na Linux na sake gwadawa. Yana tafiya yanzu, ba laifi, kuma don karanta aikin wani mai fayil da yawa ya fi sauran sauƙi. Na ɗora masa Verible ma, kayan aikin da ya fito daga Google, mai daidaita tsarin rubutu. Sai dai sabuntawa yake so a kai a kai, shi da ƙarinsa, kowanne da megansa. Kuma hannuna ya riga ya koma Vim, ina ta rubuta `:w` a tsakiyar fayil.

Sigasi na ƴan Beljiyam, editan da aka yi musamman don VHDL da SystemVerilog, wato faɗaɗaɗɗen Verilog, na karanta bayaninsa kawai. Na kamfanoni masu manyan ayyuka ne, modul bakwai ba su kai nan ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Na tsaya a kan Vim. Abin da ya hana ni yanke hukunci tun makon jiya AUTOINST ne, ba na son rasa shi. Na kira Malam na gaya masa, ya yi dariya ya ce ai ba sai ka zauna cikin Emacs ba kafin ya yi maka aiki. Ana kiransa daga waje, ba tare da ya buɗe taga ba: `emacs --batch top.v -f verilog-batch-auto`. Ya cike ƙofofi, ya adana, ya fita. Na sa wannan a Makefile, fayil ɗin da ke tara umarnin aikin, na gwada, na ƙara ƙofa a mai ƙirga, na kira, babban modul ya gyaru. SystemVerilog yana da gajeriyar hanya, `.*`, mai haɗa duk sunayen da suka yi daidai, amma ni na fi son in ga kowace waya a rubuce in ina neman matsala da tsakar dare.

Makefile ɗin yanzu shi ne uwar aikin: `make auto`, `make lint`, `make sim`, `make flash`. Na sa `flash` ba ya tafiya sai `lint` ya wuce ba gargaɗi. Yaron yana nan kan VS Code ɗinsa, yana kiran Makefile ɗaya da nawa, ba mu ƙara yin gardama ba. Ɗan koyon shago da ya fara sha'awar abin na buɗe masa Geany, don ba zan haɗa masa koyon da'ira da koyon fita daga Vim a rana ɗaya ba.

Kuɗin da suka fita zuwa yau: allo jika 18, kibod 4, RAM 7, forfe wajen 5. Jika 34. Editocin duka ko dala ban biya ba.

Laraba, 3 ga Disamba

Na'urar auna ruwa ta iso, YF-S201, jika 5. Tana ba da bugu wajen 450 a kowace lita, amma da bolt 5 take aiki, ƙafafun allon kuwa ba su wuce 3.3 ba, don haka sai na sa mata rezisto biyu su rage kafin ta taɓa cip. Bugunta ba ya bin agogon allo, zai bi ta rajista biyu a jere kafin ya shiga mai ƙirga. Bakinta rabin inci ne, bututun lambu ya fi haka, zan auna ranar Lahadi in ga ko reshe zan fitar mata.

Kafin nan: fayil ɗin gwaji mai kwaikwayon bugun da ba shi da tsari, a gudanar da shi ko sau ɗaya da ainihin miliyan 27 ba 10 ba, da neman baturin injin na hannu in farashinsa bai wuce jika 12 ba.